Tayin da Na Yi wa Jar Mota a Gaya

Mun bar Karakara da asubar Litinin, mutane ba su gama watsewa daga masallaci ba, mu uku a kan dawaki, da jaki ɗaya ɗauke da guzuri. Tun da muka dawo duk wanda ya tare ni sai ya ce in ba shi labari, har muryata ta dushe, don haka gara in faɗe shi sau ɗaya daga farkonsa, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Mu ukun kuwa su ne ni, da yayana, da mijin ƙanwarmu. Yayana falke ne, gishiri yake kaiwa gabas ya komo da goro da tufafi. Mijin ƙanwar tamu ya shekara huɗu yana tuƙa babbar motar kaya ta Anasaru tsakanin Dosso da Gaya, shi kaɗai ne a danginmu ya taɓa buɗe cikin mota ya ga abin da ke ciki, shi ya sa muke ce masa shofer. Ni dillalin dawaki ne, na fi shekara ashirin ina duba haƙori da kofato.

Abin da ya tashe mu shi ne, a watan jiya yayana ya je Gaya ya ga wata jar mota ta wani Anasara da ya ƙetaro hamada da ita, ya kuma ji ana cewa ta sayarwa ce. Tun daga ranar ba shi da zance sai nata. Kafin mu ankara ya sayar da shanu ashirin da biyar daga garken da mahaifinmu ya bar mana, garken da ba a raba ba, wanda ƙannenmu mata ma suna da rabo a ciki, ya haɗa kuɗi jaka shida. Ana gobe za mu tashi mahaifiyarmu ta kira ni ɗakinta ta ce, “Bi shi. Ba ya jin maganata, amma kai ka san ciniki. Ka san yadda za ka yi cinikin nan ya mutu, ku komo da kuɗin.” Yayana a ganinsa na biyo shi ne in taya shi saye, ni kuwa na san aikin da aka aike ni.

Ranar farko muka bi ta fadamun rake muka yada zango a Junju. Rake ya yi araha sosai, da tamma ɗaya tak ta kuɗin Faransa muka ɗora wa jaki abin da muka yi kwana biyu muna sha. Amma mai furar da muka tsaya wurinta ta ƙi karɓar kuɗin takarda, ta ce ita ba ta sayar da hatsinta da abin da gara ke ci, sai da shofer ya zazzage aljihunsa ya samo mata na ƙarfe. Duk tsawon yinin yayana yana kwatanta mana ƙarar motar da bakinsa, har dokinsa ya riƙa kaɗa kunne.

Rana ta biyu muka shiga giginya. Wanda bai bi ƙasar nan ba ba zai gane yawanta ba, tana tsaye dama da hagu iyakar ganinka, mata a bakin hanya da ƙwaryar dafaffen muruci. Rairayi kuwa a wasu wurare har dawaki suna nitsewa. Na ce wa shofer ya dubi hanyar da kyau ya gaya mini ko mota za ta bi ta. Ya dubi yayana, ya dube ni, ya ce, “Allah ne masani, Yaya.” Mutumin da yake auren ƙanwar mutane biyu ba ya son ya ɓata wa kowa.

A garin Bana ne na tabbata yayana ba ya cikin hayyacinsa. Hayaƙin masu dafa gishiri ya rufe kwarin, ga gishiri an ɗure a kaba an jera, abokan cinikinsa na shekara da shekaru suna kiransa daga rumfuna, amma ya wuce bai tambayi ko nawa ake sayarwa ba. Ban taɓa ganin ya yi haka ba tun da na yi wayo.

Laraba da la'asar muka gangaro Gaya. Daga kan tudu za ka hango kogin Kwara shimfiɗe, ƙasar Dahome a ƙetare, jiragen masunta suna kai da komo. Kasuwar bakin ruwa kuwa kowa da harshensa, ga Dandawa, ga Zabarmawa, ga Fulani, ga mutanen ƙasar da Ingilishi ke mulka da suka shigo ta Kamba, amma da an zo kan kuɗi sai kowa ya koma Hausa. Muka ci shinkafa da kifin da ko awa guda bai yi da fitowa daga ruwa ba. Mai masaukinmu wani dattijon Badande ne mai Hausar kasuwa, na ja shi gefe na ba shi goro, ya ba ni abin da ya fi goron. Ya ce Anasaran ya yi wata biyu a kampama, gidan saukar baƙinsu, zazzaɓi ya cinye shi, guzurinsa ya ƙare, kuma ranar Asabar akwai motar kaya da za ta tashi daga ƙetare zuwa kudu, lalle sai ya bi ta ya koma ƙasarsu. Kumandan mai mulkin garin ya duba motar ya ƙi, wani attajiri daga Kamba ya duba bai dawo ba.

Alhamis da hantsi muka je. Gaskiya tana da kyau, ba zan hana mata wannan ba. Ja ce wur, doguwar gaba gare ta, a kwance take kusa da ƙasa kamar kada a bakin ruwa, an ɗaure murfin gabanta da ɗamarar fata biyu, ba rufi, mazauni biyu rak. Mai ita dogo ne siriri, idonsa ya yi rawaya, riga ta yi masa yawa. Tare da shi akwai kukunsa, da wani tafinta mai takalmin fata da ya ɗauka haya a garin. Tafintan ya ce in za mu yi masa magana mu ce masa Mushe, haka ake girmama su. Na ce a raina, mutum yana fama da ciwo haka a ce mu kira shi mushe, amma tun da shi ya so, to.

Tun a hanya na roƙi yayana abu ɗaya, na ce in mun je kada ya yaba, kada ya taɓa, kada ya yi murmushi. Muna isa ya ɗora tafin hannunsa biyu a kanta ya ce da ƙarfi, “Tubarkalla! Wallahi ko nawa ce wagga ba ta yi tsada ba.” Na taka masa ƙafa, ya ce, “Kai, mi ne ne? Ƙafata ce ka taka.” Tafinta ya ji duka, na ga haƙoransa.

Na dafa murfinta na ji da ɗumi. An tayar da ita kafin mu zo ke nan. Wannan na san shi, mai gurgun doki ba ya kawo shi kasuwa sai ya zagaya da shi jikinsa ya saki. Anasara ya nuna mazauni ya ce a zo a ɗana. Yayana ya ce shi babba ne, ba ya shiga abin da bai zama nasa ba tukuna, ni in shiga.

Ƴan uwa, na hau dawakin da suka kayar da mazaje, ban taɓa jin abin da na ji ran nan ba. Muna hawa hanyar Dosso mai jan tsakuwa mutumin nan marar lafiya ya zama wani daban. Itatuwa suka haɗe, iska ta cika mini baki, rawanina ya warware ya tafi abinsa, ban san ko a kan wace ƙaya yake ba har yau. Na karanta duk abin da na haddace, na koma na sake. Shi kuwa dariya yake yi yana nuna mini wata allura da ke rawa a gabansa. Da na sami numfashi sai na tuna aikina, na nuna masa wata hanyar jakai da ta ratse gabas, irin tamu ta gida. Ya juya ya bi ta. Ba mu yi nisan da ake jin kiran sallah ba cikinta ya zauna a kan rairayi, ƙafafun baya suna juyawa a banza, tururi yana fita ta hancinta. Sai da manoma takwas suka bar sussuka suka zo suka ɗaga ta. Na dawo kai ba rawani, riga duk ƙasa, na gaya wa yayana komai. Abin da ya tambaye ni kawai shi ne, “Amma tana gudu ko?”

Juma'a muka sammako ba mu aika ba, rana ba ta fito ba muna ƙofar kampama. Na ce a tayar da ita a gabanmu. Kuku ya kama ƙarfen da ake murzawa a gabanta, ya murza har gumi ya jiƙa shi, tana tari tana yin shiru. Shofer ya karɓa, shi ma sai da ya cire riga. Da ta tashi hayaƙin da ta yi shuɗi ne, shofer ya ce mini a kunne wannan alamar tana cin mai ne a inda bai kamata ba. Na sa aka tura ta gaba, na tona sabon yashin da aka barbaɗa a inda take kwana, ƙarƙashinsa baƙi ƙirin da mai. Na bi ƙafafunta huɗu ina bugawa da sanda, uku suka amsa, ta huɗu ta yi shiru, ashe ciyawa aka cusa mata a madadin iska. Shofer ya kwanta a ƙarƙashinta ya fito ya ce ɗaya daga cikin ƙarafan da ke ɗauke da ita ya tsage, an naɗe shi da ɗanyar fata an shafa baƙi. Na tambayi abincinta. Man da take sha, isansi, babu mai sayar da shi kusa da mu sai Gaya ko Dosso, garwa ɗaya kuɗin rago ce mai kyau, kuma garwa ɗaya ba za ta kai ta Karakara ba.

Na jera wa yayana waɗannan duka a gaban mai masaukinmu, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai karanta wa mutum laifinsa. Ya saurara har na gama, ya ce, “To ai shi ya sa na zo da kai. Sai ka rage musu kuɗi.” Na tashi na tafi bakin ruwa na zauna, don in na tsaya zan faɗi abin da ƙane ba ya faɗa wa wansa.

Bayan an sauko daga Juma'a aka zauna ciniki a inuwar wata tsamiya. Labari ya bazu, masunta da ƴan kasuwa sun kewaye mu. Anasara ya faɗi magana, tafinta ya ce, “Mushe ya ce jaka goma sha biyu, ba ragi.” Na ji daɗi a raina, don kuɗinmu rabin haka ne, ciniki ya mutu da kansa. Sai shofer ya matso ya ce, a inda yayana zai ji, “Yaya, ni ban iya Faransanci ba, amma na iya ƙirgarsu, da ita nake karɓar kaya. Takwas ya ce.” Mutumin da ya yi kwana huɗu bai faɗi ra'ayinsa a kan komai ba, sai yau bakinsa ya buɗe.

Da a ce ina da hankali da na yi shiru. Amma dillali ne ni, ba na iya ganin ana cin jaka huɗu a gabana da baki kawai in kau da kai. Na tsinci tsakuwa, na jera takwas a gaban Anasara, na jera goma sha biyu a gaban tafinta, na nuna bakin wannan, na nuna bakin wancan. Anasara ya dubi tsakuwa ya dubi mutuminsa, rawayar fuskarsa ta koma ja. Abin da ya faɗa ban ji ba, amma tafinta ya tuna yana da wani uzuri a cikin gari, ya tafi da sauri, jama'a suna yi masa dariya.

Daga nan ciniki ya koma na tsakuwa, ba harshe. Na nuna ƙafar ciyawa na ɗauke ɗaya. Ya mayar. Na kama hannunsa na kai shi inda na tona yashi, na ɗauke ta kuma, bai mayar ba. Na nuna ƙarƙashinta na kwatanta karyewa da kara, na ɗauke wata. Saura shida, daidai abin da ke cikin jakar yayana. Sai na ji yayana yana gyaran murya a bayana, yana taɓa mini kafaɗa, yana shirin miƙa hannu. Na ga in na bari ya yi magana an gama. Sai dabara ta zo mini, irin wadda nake yi in ina son mai doki ya yi fushi ya ja abinsa ya tafi. Na sa hannu na share tsakuwa uku a lokaci ɗaya, na bar uku, na miƙe ina kakkaɓe riga. Jaka uku a motar da aka ce sabuwarta ta fi garkenmu duka. Wannan zagi ne, ba tayi ba. Jira nake ya kore mu.

Bai kore mu ba. Ya daɗe yana kallon tsakuwa ukun, ya ɗaga kai ya dubi ƙetaren kogi, ya yi wata ƴar dariya marar daɗi, sannan ya miƙo mini hannu. Mai masaukinmu ya ce, “Ya sallama! Jama'a ku shaida.” Jama'a suka ce sun shaida.

Na tsaya da hannun mutum a cikin nawa, jikina ya yi sanyi. Ni na taya da hannuna, a gaban mutum fiye da talatin, ciki har da waɗanda nake sayar wa dawaki. Dillalin da ya taya aka sallama masa ya ce wasa yake yi, ya gama sana'a daga nan har Kamba. Kuma in faɗi gaskiya, tun da na ce zan faɗa: kafin sanyin ya zo, akwai ɗan lokacin da na ji daɗi har cikin raina, don ban taɓa karya kuɗin abu haka ba. Yayana ya rungume ni yana cewa duk ƙasar nan babu kamata. Anasara ya rubuta takardar sayarwa, ya shafa murfin motar, ya yi wa shofer dogon bayani yana nuna nan da can. Na tambayi shofer me ya ce, ya ce abin da ya gane kawai “mai” da “ruwa”. Washegari muka ga ana ƙetarewa da Anasaran a jirgi, yana zaune a kan akwatinsa, bai waiwayo ba.

Sai a lokacin yayana ya shiga motarsa karo na farko. Ba ta ɗauke shi ba. Kun san jikinsa, ƙato ne. Sai da ya tuɓe babbar riga ya miƙo mini, ya shiga a karkace, gwiwoyinsa suna taɓa ƙirji. Ya ce haka ake zamanta. Muka sayi garwa biyu aka ɗaure a baya, shi da shofer suka yi gaba da ƙara, ni na biyo da dawaki uku da jaki da rigar yayana.

Ban yi nisa ba na cim musu. Daga inda hanyar tsakuwa ta ƙare har Bana sau nawa ta zauna, na daina lissafi. Mu tona, mu shimfiɗa kaba, mu tura, ta yi gaba kaɗan ta sake zama, ko ta tafasa mu jira ta huce mu ba ta ruwan da muka ɗebo don kanmu. A Bana masu gishiri suka fito kallo, wani abokin yayana ya zagaya ta ya tambaya a ina ake ɗora kaya. Gaba da Bana muka haƙura muka yi hayar takarkarai biyu daga wani Bafillace, aka ɗaura mata igiya. Haka muka ratsa giginyar nan duka, shanu a gaba, jar mota a baya, yayana a ciki yana ɗaga wa mutane hannu. Tafiyar kwana uku ta zama ta shida.

Da muka hango Karakara yayana ya sa aka kwance shanun a bayan wani tudu, aka sallami mai su, aka juye sauran man da ya ɓoye don wannan ranar. Ta tashi bayan murzawa mai yawa, ta shiga gari da rugugi, awaki suka watse, mata suka leƙo ta kan darni, ta zo daidai ƙofar gidanmu ta yi tari biyu ta mutu. Mahaifiyarmu ta fito da sandarta, ta dubi motar, ta dubi yayana da ake jawo shi daga ciki, sannan ta dube ni. Na miƙa mata abin da ya rage na kuɗin na ce, “Inna, ga kusan rabi na komo da shi.” Ta ce, “Wa ya yi cinikin?” Kafin in buɗe baki yayana ya ce, “Shi ne, Inna, da hannunsa. Da ba don shi ba da ba mu same ta ba.” Ta juya ta shiga gida. Kwana huɗu ke nan, in na gaishe ta “lafiya” kawai take cewa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma na biya shi da tsada. Na iya gano aibin abu, na iya karya kuɗinsa, sai dai arha ba ta mayar da abin da ba ka da hanyarsa ya zama mai amfani, kuma kafin ka tambayi kuɗin abu ka fara tambayar abin da yake ci da inda za ka samo masa. Babba a ciki kuwa, kada ka taya abin da ba ka so, ko da don ka ɓata wa mai shi rai ne, domin ba ka san irin matsin da yake ciki ba. Motar tana nan a ƙarƙashin rumfar da aka yi mata, mai son gani ya zo da rana. Jiya yayana ya aiko a gaya mini wai tun da na san hanyar Gaya kuma na iya ciniki da mutanenta, in shirya in je in sayo masa garwa huɗu. Na ce a gaya masa ba na nan.